Ƙwararre Ba Ya Zama Don An Ɗaure Shi

Wata ranar Asabar bayan sallar la'asar, cikin zafin watan Afrilu da kowane Basakkwace ya san shi, 'yar ƙanwata ta shigo gidana ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta shaida mini cewa takardunta sun fito, za ta tafi Saudiyya aikin jinya. Shekara shida ta yi tana aiki a wani asibitin gwamnati a nan cikin gari, kuma da yake ni na riƙa biyan wani ɓangare na kuɗin makarantarta bayan rasuwar mahaifinta, sai na ga ina da bakin magana. Na ce mata, "Yanzu ke 'yar nan, in kowa ya tafi, wa zai duba mu ranar da muka kwanta?" Ta daɗe kanta a sunkuye kafin ta ce, "Kawu, wallahi ba don kuɗi kaɗai ba ne. Na gaji da haska wa likita fitilar waya yana yi wa mai haihuwa ɗinki, na gaji da tura dangin majiyyaci neman safar hannu da ruwan ƙari da tsakar dare, na gaji da kallon mutum yana mutuwa da ciwon da aka koya mini yadda ake magance shi." Ban sami abin ce mata ba, sai na sa mata albarka.

Tun daga ranar nake juya maganarta, domin ta faɗi abin da nake ganin masu tsara manufofinmu ba su so su ji. Ƙasa tana arziki ne da hannun mutanenta da ƙwaƙwalwarsu, kuma man fetur da dutsen siminti da ƙasar noma duk ba su zama dukiya sai wani wanda ya iya ya taɓa su. Amma mun ɗauka cewa da zarar an gina makaranta an yaye ɗalibai, aikin ya ƙare. Ra'ayina shi ne horar da mutum rabin aikin ne, kuma rabin da ya fi sauƙi. Rabin da ya fi wuya shi ne a tanadar masa wurin da zai yi abin da ya koya, da kayan aiki, da tsaro, da tabbacin cewa ƙwazonsa ne zai kai shi gaba. In ba a yi wannan ba, to mu ne kura da shan bugu, wasu ƙasashe kuwa su ne gardi da kwasar kuɗi.

A watan Maris na 2024, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa likitoci tsakanin dubu 15 zuwa dubu 16 sun bar Najeriya cikin shekara biyar, kuma waɗanda suka rage da lasisin aiki kimanin dubu 55 ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Shekara biyar kafin nan, a 2019, Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi kansa likita ne, ya faɗa a talabijin cewa muna da rarar likitoci, wanda ke son tafiya ya tafi. Tsakanin waɗannan maganganu biyu ne, a watan Agusta na 2021, masu ɗaukar ma'aikata domin asibitocin Saudiyya suka zo Abuja, likitocinmu suka yi layi a otal da takardunsu a hannu, alhali likitoci masu neman ƙwarewa suna cikin yajin aiki. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda yake karɓar albashi da naira ya ga dalar da ake canzawa a kan naira 460 da wani abu a farkon 2023 ta wuce naira 1,500 a 2024, ya ga an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ya ga buhun shinkafa da kuɗin makarantar 'ya'yansa sun ninka, albashinsa kuwa yana tafiyar hawainiya. Mutum ba ya buƙatar ya ƙi ƙasarsa kafin ya fara neman fasfo a irin wannan hali.

Sai dai idan ana wannan magana a Legas ko Abuja, ana yin ta ne kamar tafiyar daga filin jirgi take farawa. Mu a Sakkwato mun san tsani ne mai matakai. Malamin makaranta ko ungozomar da aka tura Isa ko Sabon Birni ko Rabah za ta yi duk yadda za ta iya a dawo da ita cikin gari, kuma babu mai imanin da zai zarge ta, domin an san abin da 'yan bindiga suka mayar da hanyoyin gabashin jihar. Wanda ke aikin jiha a cikin gari yana hanƙoron komawa aikin tarayya inda albashi ya fi tsoka. Wanda ya sami na tarayya yana neman canji zuwa Abuja ko Kaduna ko Kano, na Abuja kuma idonsa yana kan Ingila da Kanada da ƙasashen Larabawa. Duk lokacin da wani ya bar mataki na sama, sai na ƙasa da shi ya hau ya cike gurbin, har giɓin ya gangaro ya tsaya a kan wanda ba shi da wanda zai maye masa, wato talakan ƙauye. Likitan da ya tashi daga Legas zuwa Landan, a ƙarshe matar da ke naƙuda a wani ƙauyen Gudu ko Tangaza ita ce take biyan kuɗin tafiyarsa. Ban yi mamaki ba da binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen jiharmu suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, mafi yawa a duk ƙasar, domin cikin abubuwan da wannan ma'auni yake dubawa akwai lafiya da ilimi da yanayin zama, kuma duk ukun ba su samuwa sai da ƙwararru a kusa.

Tafiya neman arziki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun yi cin rani tun zamanin da ake takawa a ƙasa zuwa Ibadan da Kurmi da Gwanja, har yau kuma da an gama girbi za ka ga motoci cike da samari sun nufi kudu. Amma ɗan cin rani da ya ga hadari ya fara haɗuwa sai ya ɗaure kayansa ya kamo hanyar gida, ba tare da wata doka ta tilasta masa ba, saboda akwai gona tana jiransa, kuma ya san in ya zuba guminsa a cikinta shi zai ci amfanin. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne, wace gona muka share wa injiniya da likita da masanin kwamfuta da za ta ja su gida in damina ta tsaya?

Wannan ne ya sa ban goyi bayan ƙudurin da ɗan majalisa Ganiyu Johnson ya kawo Majalisar Wakilai a 2023 ba, wanda ya nemi a hana likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara biyar. Na fahimci zafin zuciyar da ya haifar da shi, domin da kuɗin jama'a ake tallafa wa karatun likitanci a jami'o'in gwamnati. Kuma ina ganin adalci ne idan jiha ta ɗauki nauyin karatun yaro bisa yarjejeniyar zai yi mata aiki na wasu shekaru, to ya cika alkawari, domin alkawari kaya ne. Amma alkawarin da mutum ya sa wa hannu da yardarsa daban yake da ƙofar da aka kulle masa ta baya. Likitan da aka tsare da doka gangar jikinsa ce kawai take asibiti, yana ƙirga kwanaki, ranar da wa'adin ya cika kuwa zai tafi da ƙwarewar shekara biyar da muka ƙara masa, ya tafi da fushi kuma. Manufar da gwamnatin tarayya ta amince da ita a watan Agustan 2024 kan ƙaurar ma'aikatan lafiya ta fi kusa da hankali, tun da ta yi maganar kyautata yanayin aiki da jawo waɗanda suka tafi, sai dai takarda ba ta kunna fitilar ɗakin tiyata.

Akwai masu cewa ai tafiyar alheri ce, tun da 'yan Najeriya mazauna waje suna aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara. Gaskiya ne, ni kaina na ga yadda kuɗin 'yar ƙanwata suka gyara rufin ɗakin mahaifiyarta suka kuma mayar da ƙannenta biyu makaranta. Amma kuɗin da aka aiko suna sayen magani ne, ba su duba majiyyaci. Suna biyan kuɗin makaranta, ba su tsaya gaban allo. Kuma babbar asarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta masu koyarwa. Idan babban likitan tiyata ya tafi, ba hannunsa kaɗai muka rasa ba, mun rasa duk yaran da za su tsaya a bayansa shekara ashirin masu zuwa suna koyon yadda ake riƙe wuƙa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, ta yaye likitocin mutane da na dabbobi da masana aikin gona da lauyoyi da ake alfahari da su a ko'ina, kuma ta yi hakan ne saboda akwai malaman da suka yarda suka zauna cikin zafin nan suka ƙare ƙuruciyarsu. Yau malamin jami'a a Najeriya ya ga yajin aikin wata tara a 2020, ya ga na wata takwas a 2022, ya ga an riƙe masa albashi, don haka ba abin mamaki ba ne da hukumar TETFund, mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati, take kokawa cewa wasu malaman da ta tura ƙetare ƙaro ilimi ba su dawo ba. Ƙasar da ta bar malamanta suka watse ta cinye irin shukarta ne.

Zan so in daɗe kaɗan a kan wani kuskure da na ɗauka shi ne tushen sauran, wato yadda muka taƙaita ma'anar ƙwarewa ga mai digiri. A unguwar da na tashi akwai wani dattijo majemi da muke kira Baffa, wanda nakan tsaya ina kallonsa in na dawo daga makarantar allo. Zai jiƙa fatar akuya cikin ruwan toka har gashin ya saki, ya shimfiɗa ta a kan itace ya kankare da wuƙa mai hannu biyu ba tare da ya huda ta ko sau ɗaya ba, ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwa, ya shafe ta da mai, ya yi ta murzawa har ta yi laushi kamar ƙyalle, sannan ya rina ta ja da karan dafi. Da yatsa biyu yake gane fatar da ta jimu da wadda saura kwana ɗaya. Wannan fata ta jar akuyar Sakkwato ita ce fatake suka riƙa ƙetarawa da ita Sahara ɗaruruwan shekaru, Turawa suka saye ta a hannun 'yan kasuwar Maroko suka sa mata sunan Maroko, suka rufe littattafansu masu daraja da ita. Baffa ya rasu, kuma cikin 'ya'yansa maza huɗu babu wanda ya gaji sana'ar. Biyu suna kabu-kabu, ɗaya yana gadi a Abuja, ɗaya ya yi difloma yana zaune. Ba lalaci ya hana su ba, sun ga mahaifinsu ya tsufa da gwaninta a hannu amma babu jari, babu injin da zai rage masa wahala, babu kasuwar da za ta biya shi daidai da aikinsa. Fatunmu kuwa har yau ana loda su a mota ana fita da su, a jeme su a wani wuri, a ɗinka takalmi da jaka a Italiya ko Sifen, ribar ta tsaya can. Yadda muke sayar da fata ba mu sarrafa ba, haka muke sakin yaranmu kafin mu ci moriyar abin da suka iya.

Magabatanmu ba su yi wannan kuskure ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, malami ne da ya yi rubutu har a kan ilimin magani, amma bai raina mai aikin hannu ba. A cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kan tushen siyasa, ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya ce a zaunar da su a garuruwa gwargwadon buƙatar jama'a. Haka ya yi a aikace a ribaɗoɗi, wato garuruwan tsaro, irin su Wurno, inda ya tara malamai da masu sana'a suka raya garin. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u kuwa ta horar da jajis, wato malamai mata, ta tura su ƙauyuka suna karantar da mata, tsarin 'yan taru ke nan. Wannan darasi yana da amfani a yau, domin a ƙasarmu mata da yawa sun fi sakin jiki da likita mace, kuma duk yarinyar da aka cire daga makaranta tun tana aji uku na sakandare, wataƙila ungozomar garinsu ce aka rasa.

Mu kuma da muka zo daga baya, an kawo mana tsarin karatun boko na 6-3-3-4 a shekarun 1980 da niyyar kowane yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki, aka shigo da injuna daga ƙetare, amma a makarantu da yawa suka yi tsatsa cikin akwatunansu saboda babu wuta kuma babu malamin da ya san yadda ake tada su. Sakamakon yana gabanmu. Mai gina gida a Sakkwato in yana son a shimfiɗa masa tayil ko a yi masa silin mai kyau, sau da yawa ɗan Togo ko ɗan Benin yake nema, alhali samarinmu suna zaune a majalisa da takardun kammala karatu. Muna da madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima tun shekarun 1980, muna da fadamun Wurno da Kware da Gwadabawa, muna cikin manyan masu noman albasa da tafarnuwa a ƙasar nan, amma manomi yana kallon albasarsa tana ruɓewa a rumbu ko ya sayar da ita da arha lokacin kaka, saboda ƙarancin waɗanda suka san fasahar ajiya da busarwa da sarrafawa. Injin ban ruwa in ya lalace a tsakiyar rani, kwana uku na neman bakanike ya isa ya kashe shuka. Masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda ta fara aiki a 1967 kuma aka ƙara mata sabon layi mai tan miliyan 3 a 2022, tana buƙatar masu walda da masu lantarki da masu sarrafa manyan injuna, kuma babu dalilin da zai hana kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da makarantun koyon sana'a su zama rijiyar da irin waɗannan masana'antu za su riƙa ɗiba, in aka tsara karatun tare da masu ɗaukar aikin, yaro ya yi rabin lokacinsa a aji, rabi a bakin inji.

Akwai kuma ciwon da ba ma son a taɓa, shi ne na wa ka sani. Babu abin da ke korar mai hazaƙa kamar ya ga an ɗora masa wanda ya fi shi uwa a gindin murhu, ko ya ga gurbin aiki an raba shi a falo kafin a tallata. Na yi aikin gwamnati shekaru masu yawa, na ga matasa masu ƙwazo sun shigo da zafinsu, bayan shekara uku sun koyi cewa zuwa gaisuwa gidan manya ya fi zuwa ofis da wuri amfani. Waɗanda suka kasa koyon wannan darasi su ne suka fara tafiya, kuma su ne waɗanda muka fi buƙata. Haka nan batun ɗan jiha da baƙo. Malamin lissafi ko likitan da ya zo daga wata jiha ya yi shekara ashirin a cikinmu, 'ya'yansa suna jin Sakkwatanci fiye da harshen iyayensu, bai kamata ya ƙare rayuwarsa yana ma'aikacin kwantiragi da ba shi da tabbacin fansho ba. Birnin nan da mutanen da suka taho daga wurare daban-daban aka kafa shi, kuma jihar da ke fama da ƙarancin ƙwararru ba ta da halin tambayar mutum garin kakansa kafin ta riƙe shi.

Wasu ƙasashe sun taɓa shiga halin da muke ciki. Koriya ta Kudu tana cikin matalautan ƙasashe lokacin da ta kafa cibiyarta ta binciken kimiyya da fasaha a 1966, ta bi masananta da ke Amurka da Turai ta roƙe su su dawo, ta ba su albashin da ya fi na sauran ma'aikata, da gidaje, da ɗakunan bincike, da 'yancin yin aikinsu ba tare da katsalandan ba, ta kuma haɗa binciken nasu da buƙatun masana'antu. Ba wa'azin kishin ƙasa aka yi musu ba, wurin aiki aka gina musu.

Ba na tsammanin jiharmu za ta iya biyan albashin Riyad ko na Landan, kuma ban ga amfanin yin alkawarin da ba za a cika ba. Amma akwai abubuwan da ke cikin ikonmu. Ana iya sanya wutar sola a ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata na kowane babban asibiti a ƙananan hukumominmu 23, tun da rana ita ce abin da Allah ya hore mana fiye da kowa. Ana iya biyan alawus na musamman mai kauri ga wanda ya yarda ya zauna a karkara, a gina masa gida mai katanga kusa da wurin aikinsa, a ba shi tabbacin cewa bayan shekara uku shi ne farkon wanda za a tura ƙaro karatu. Ana iya yin ƙarin girma a kan lokaci kuma a biya kuɗinsa a watan da aka yi shi. Ana iya tantance gwanayen da ke kasuwa da gareji, majema da dukawa da maƙera da bakanikai, a ba su shaidar ƙwarewa da rance mai sauƙi, a biya su ladan duk yaron da suka yaye. Waɗanda suka riga suka tafi kuma a daina kallonsu kamar maciya amana, a buɗe musu hanyar zuwa su yi wata ɗaya ko biyu a shekara suna koyarwa da yin aiki, ba tare da an wahalar da su da takardu ba. Dukkan wannan ya fi mana amfani a kan kuɗin da ake kashewa wajen tura manya asibitocin ƙetare, inda wani lokaci ɗan Najeriya ne ma zai duba su.

'Yar ƙanwata tana kirana kusan kowace Juma'a. Ta ce aikin can yana da tsari, ana biyan ta a kan lokaci, amma kewar gida tana damunta, kuma ba ta so 'ya'yanta su tashi ba su san kakarsu ba. Kwantiraginta na shekara biyu ya kusa ƙarewa, an kuma nemi ta sabunta. A kiranmu na baya-bayan nan, bayan mun gaisa ta tambayi mutanen gida, sai ta ce, "Kawu, don Allah ka bincika mini, ɗakin haihuwar nan namu an sa masa wuta kuwa?" Na je da kaina ranar Litinin na duba, na tarar ma'aikatan dare har yanzu da fitilar waya suke aiki, kuma haka na faɗa mata.